Tambaya da Amsa: Me ya sa gas ɗin ɓuntu ke liƙe bawul ɗin janareta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin casar shinkafa, ɓuntu ya yi mana tsibi. Wani mai walda ya haɗa mini tukunyar da ke mayar da ɓuntu gas, muka jona da janareta. Kwana uku yana aiki, a na huɗu ya ƙi tashi. Da bakanike ya kwance, ya tarar bawul sun liƙe da wani baƙin abu mai danƙo. Ina gizo yake saƙar?
Mai karatu daga Kura, jihar Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Wannan baƙin abu kwalta ce, kuma ita ce babbar matsalar wannan fasaha tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da motoci da dama a Turai suka koma gas ɗin itace saboda ƙarancin fetur.

Tukunyar tana cin ɓuntu ne da iska kaɗan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da wuta ke buƙata ta ci sosai. A gas ɗin da ke fita, kusan rabi naitirojin ce da ba ta kama wuta. Masu amfanin su ne kabon monoksaid da haidirojin, kowanne wajen kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Tare da su tururin kwalta ke fitowa, da zarar ya huce sai ya daskare. Janaretanka yana da zafi yana tafiya, da ya kwana ya yi sanyi sai bawul suka kame.

Fara duba inda gas ke fita. Idan ta sama ne, wannan tukunyar ta girki ce ko busar da shinkafa, don tana iya ba da giram 50 na kwalta ko fiye a kowace mita kubik ta gas, alhali inji ba ya jure sama da giram 0.1. A tukunyar janareta dole gas ya gangara ƙasa, ya ratsa garwashin da ya kai digiri 800 zuwa 1,000 na ma'aunin Celsius. Sannan ɓuntun ya bushe, danshinsa kada ya wuce kashi 15. Jiƙaƙƙe yana kashe zafin garwashi. Ɓuntu kuma yana da nasa hali: kusan kashi 20 cikin 100 nasa toka ce mai silika (sinadarin da ke cikin yashi), in ba a kwashe ta a kai a kai, takan dunƙule ta toshe hanya.

Daga tukunya gas ya bi ta mazurarin da ke juya shi ƙura ta faɗi, sai bututun sanyaya, sai matatar busasshiyar dusar katako, ƙarshe matatar ƙyalle. Wasu na wanke gas ɗin da ruwa, amma ruwan guba ne, kada a kwarara shi gona ko kwata.

Manyan tashoshi sukan ƙara da katalis, wato abin da ke farfasa kwaltar ita ma ta koma gas. Mafi arha shi ne gasasshen dutsen dolomait, a zafin digiri 800 zuwa 900, sai dai yana rududdugewa. Ƙarfen nikel ya fi shi aiki nesa ba kusa ba, amma da tsada, kuma farar wuta da baƙin hayaƙi suna kashe shi. A ganinmu ƙaramin mai casa ya fi cin riba da ƙara kaurin garwashi, don gawayi mai zafi shi ma yana fasa kwalta.

Kafin ka jona da inji, ƙona gas ɗin a bututun waje har harshen wutar ya daina ja ya koma shuɗi-shuɗi, sannan ka tara farin ƙyalle a bakin bututu bayan matata. In ya yi tabo ruwan ƙasa mai maiƙo, da saura. Ko gas ɗin ya yi tsabta, ƙarfin janareta zai ragu da kashi ɗaya cikin uku ko fiye idan aka kwatanta da mai. Kabon monoksaid kuwa ba shi da wari kuma yana kisa, don haka tukunyar ta zauna a rumfa mai iska, kuma kada a bar yaran injin su kwana kusa da ita.