Amsa ga mai shirin zuwa Gambiya aikin sa kai a makarantar kiɗa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki cewa wata makarantar koyon kiɗa a Gambiya ta gayyace ki wata uku ki gyara musu rajistar ɗalibai da lissafin kuɗi, babu albashi sai masauki da abinci, kuma abin da ke damunki shi ne ba ki iya kiɗa ba. Na yi irin wannan aikin a Brikama, shi ya sa na ce bari in ba ki amsa a tsanake.

Maganar rashin iya kiɗa, cire ta daga ranki. Brikama gari ne na jali, wato gidajen da ake gadon kiɗan kora (wani kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa) da waƙar tarihi tun kaka da kakanni, kamar gidajen makaɗan fada a wajenmu. Makaɗa ba su yi musu kaɗan ba. Wanda suke nema shi ne mai sanin wane yaro ya biya, wane ne ya tafi da kora gida bai maido ba.

Ni da na je, wata manhaja na ɗauka wadda ba ta aiki sai da intanet. Sati biyu ina shigar da sunaye. In an ɗauke wuta ko data ta ƙare, matar da ke riƙe da ofis sai ta koma kan tsohon littafinta mai bangon kwali, kuma ita ce da gaskiya. A littafin nan akwai abin da manhajar ba ta da gurbinsa: wannan yaron buhun shinkafa ubansa ke kawowa maimakon dalasi (kuɗin Gambiya), wancan ɗan ƙanwar malami ne ba a karɓar komai a kansa, wani kuma sai an sayar da gyaɗa ake biya masa. Ranar da na rubuta "bashi" a gaban sunan wani yaro, ran malaminsa ya ɓaci ƙwarai, don a wurinsa yaron amana ne aka ba shi. Sai da na bi shi har gida na ba shi haƙuri. Har yau abin yana raina.

Daga nan na ajiye manhajar, muka zauna da ita muka kwafe littafin cikin Excel yadda yake, har da gurbin shinkafar. Muka sayo rasit mai kwafi biyu. Muka sa wa kowace kora da balafon (kayan kiɗa na jerin katako da ake bugawa da sanda) lamba, duk mai ɗauka ya sa hannu. Kora tsirkiya 21 gare ta, jikinta ƙwarya ce da fatar saniya, kuma laimar damina daga Yuni zuwa Oktoba tana sassauta fatar, don haka ki ware kuɗin gyara tun da wuri. Abin da ya fi wuya shi ne raba kuɗin makaranta da aljihun mai makaranta, musamman kuɗin Turawan da ke zuwa koyon kora da rani. Wannan kada ki taɓa shi a satin farko, kuma kada ki yi maganarsa a gaban mutane.

Fasfon ECOWAS ya ishe ki shiga ba biza, har kwana 90, amma ki duba kwanakin da aka buga miki a hatimi, ki riƙe katin rigakafin shawara da takardar gayyata mai faɗin wanda zai ɗauki nauyin me. Wannan ba shirin TAC (Technical Aid Corps) ba ne da gwamnatin Najeriya ke tura ma'aikata ƙasashen waje tun 1987 tana ba su alawus. Kuɗin jirgi da magani daga aljihunki za su fito. Ana jin Turanci, amma yaren Mandinka ake yi a tsakar gida. Ki fara da gaisuwa da "abaraka", wato na gode.

Watan ƙarshe kuwa ki ɗauke hannunki daga kwamfutar gaba ɗaya. Ki zauna gefen wadda za ki bar wa aikin, ita ta shigar, ita ta yi kuskure ta gyara, ke kina kallo. Ki tambaye su tun yanzu ko wace ce ita, su ba ki lambarta ku fara gaisawa kafin ki sayi tikiti. Allah ya kai ki lafiya.