Amsar Kawu Kan Ranar 1 ga Oktoba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce yara sun matsa maka da tambayar me za a yi a gida ranar 1 ga Oktoba, kai kuma kana ganin ba al'adarmu ba ce tunda ba Sallah ba ce. Gaskiyarka, kuma kada ka mai da ita Sallah: babu ɗinki, babu yanka, babu cin bashi. Amma kada ka bari ta wuce yara na barci har hantsi. A ranar ne Najeriya ta karɓi mulkin kai daga Turawan Ingila a 1960, a ranar ne kuma a 1996, zamanin Janar Sani Abacha, aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Mu nan riba biyu gare mu.

Fara da tuta, kuma yara su haɗa ta da hannunsu maimakon ta leda da ake saye a bakin titi. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta. A yanka ƙyalle uku, kore biyu da fari ɗaya, kowane inci 12 a inci 18, a bar ɗan ƙari don ɗinki, farin a tsakiya. Kuskuren da aka saba yi shi ne a jera launukan a kwance, alhali a tsaye suke. Koren yadi mai araha kuma yana zuba, saboda haka a wanke shi shi kaɗai ya bushe kafin a haɗa, in ba haka ba wankin farko zai ɓata farin. A gaya musu Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta a 1959 yana ɗalibi, kore noma ne, fari zaman lafiya. Kada ta taɓa ƙasa, a sauke ta kafin magariba.

Darasin da ya fi sauƙi yana aljihunka. Baje takardun kuɗi a tabarma: Tafawa Ɓalewa a naira 5, Murtala a 20, Awolowo a 100, Sardauna a 200, Azikiwe a 500. Kowane yaro ya ɗauki ɗaya, ya faɗi wane ne, daga ina yake, me ya riƙe. Wanda ya ci, a ba shi ƙaramar.

Sai taswira. A share tsakar gida, a zana Zamfara da toka, a nemo duwatsu 14, yawan ƙananan hukumominmu. Shinkafi da Zurmi can arewa, Gummi yamma, Tsafe a hanyar Funtuwa. Idan an aza dutsen Ƙaura Namoda a ce nan layin dogo ya tsaya, idan an zo Talata Mafara a ambaci madatsar Bakolori da noman rani. Yaron da ya san inda garin kakansa yake a kan toka ba ya shan wahalar gane jihohi 36 a takarda.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne zama da tsofaffi. Bayan la'asar a kai yara gaban kakarsu, kowa da tambaya ɗaya da ya shirya tun safe: nawa ake sayar da tiyar gero da, yaya ake zuwa Sakkwato neman takarda kafin a samu jiha, wa ya fara kai ta makaranta ko ya hana ta. A ɗauki muryarta a waya. Rabin sa'a ya isa, tsoho na gajiya, yaro na gundura. Taken ƙasa da aka dawo da shi a 2024 shi ne wanda aka bari a 1978, don haka duk dattijon da ya yi firamare kafin lokacin zai iya koya wa jikokinsa. Inda zaman ke lalacewa shi ne idan manya suka karkatar da hira zuwa zagin 'yan siyasa. Yaro ba ya rarrabe gwamnati da ƙasa, sai ya tashi da ƙin duka biyun. Idan sun tambayi halin rashin tsaro da ake ciki, a faɗa musu gaskiya daidai shekarunsu, sannan a yi addu'a tare ga waɗanda suka rasu da waɗanda suka bar garuruwansu.

Abinci kuwa, farar shinkafa a tsakiyar faranti, kwaɗon zogale dama da hagu, tuta ta fito. A zuba kwano guda a kai wa maƙwabci, musamman baƙon da aiki ko kasuwa ta kawo daga wata jiha, kuma yaran ne za su kai.

Abu biyu ka hana. Fentin mai a fuskar yaro yana ƙona fata, cire shi sai da kananzir. Samari kuma kada su hau babur suna tsere da tuta, ƙyallen na iya naɗewa a taya. Tafiya wani gari don biki ma a bar ta, a yi komai a gida ko a unguwa.

Ka gaida mai ɗakinka da yaran. Muryar kakarsu da za ku ɗauka, ka turo mini.