Ina addu'a, amma caca ta ƙi sakina

Tambaya: Baba Fasto, ni matuƙin Keke Napep ne a Gombe. Kowane dare ina durƙusawa in roƙi Allah ya raba ni da cacar ƙwallo, amma Asabar na yi sai in zuba cinikin mako kaf. Ko Allah ba ya jin addu'ata ne?

Amsa: Ɗana, yana ji. Wanda lamirinsa ya mutu ba ya rubuto irin wannan wasiƙa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da kake addu'ar. Da dare kake yi, bayan aikin gama ya gama. Buɗe Matiyu 26. A Getsamani Yesu ya ce wa Bitrus da 'ya'yan Zabadi su zauna a faɗake su yi addu'a, don kada su faɗa cikin jaraba. Barci ya kwashe su. Kafin zakara ya yi cara Bitrus ya yi musun sanin Ubangijinsa har sau uku, farko ma a gaban wata baranya. Ya yi kuka mai zafi, amma fa bayan ya faɗi. Roƙon nan da muke yi, "kada ka kai mu wurin jaraba, amma ka cece mu daga Mugun," na mai shirin fita ne, tun ƙafarsa ba ta taka bakin ƙofa ba.

To ka san sa'arka. Yammacin Asabar ne, ka ajiye keke a gindin dalbejiya, aljihu da nauyi, ihu na tashi daga gidan kallo, yatsa ya riga ya kai kan waya. Nan ne wurin addu'a, ko da kalma uku ce: "Yesu, cece ni."

Bulus ya ce Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba, zai kuma buɗe mafita (1 Korantiyawa 10:13). Sau da yawa mafitar nan da ƙafa ake bin ta. Yusufu bai tsaya gardama da matar Fotifar ba, rigarsa ya bari a hannunta ya gudu. Kai ma goge manhajar daga wayarka yau. Cinikin Asabar ka damƙa wa matarka ko mahaifiyarka kafin a take wasa.

Kuma kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai, ciwon da aka ɓoye ruɓa yake yi. Samu dattijo ɗaya a ikilisiyarku ka faɗa masa gaskiya, ka roƙe shi ya riƙa kiranka duk Asabar da ƙarfe uku ku yi addu'a tare.