Hukuncin kiran miji ko mata da "bebi" da "hani"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana yana kirana "bebi", ni kuma nakan ce masa "hani" ko "dalin". Rannan yayarsa ta ji mu, ta ce wannan koyi ne da Nasara, haramun ne. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, babu zunubi a kanku. Yadda miji da mata ke kiran juna al'ada ce, kuma asalin al'ada halasci ne sai in nassi, wato aya ko hadisi, ya hana. Shi kansa sunan soyayya yana da tushe a Sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito Annabi (SAW) yana taƙaita sunan Nana A'isha ya ce "Ya A'ish", a ruwayar Nasa'i kuma ya kira ta "Humaira". Wannan duk yana cikin kyakkyawan zaman da aya ta 19 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da shi.

Saura batun yare. Hadisin da yayar mijinki ke nufi, cewa wanda ya yi kama da wasu mutane yana cikinsu, malamai sun ɗora shi ne kan abin da ya keɓanci addininsu ko ya zama alamarsu. Turanci kuwa harshe ne da miliyoyin Musulmi ke magana da shi. Annabi (SAW) da kansa, da ya sanya wa ƙaramar yarinya Ummu Khalid riga, sai ya ce mata "sanah, sanah", wato "ta yi kyau" da Habasanci, don a Habasha aka haife ta.

Abin dubawa shi ne ma'ana. Duk kalmar da ke nufin abar bauta, ko "ina bauta miki", a bar ta da kowane yare. Haka miji ya riƙa ce wa matarsa "momi": a wurin Malikiyya wannan ba zihari ba ne (wato miji ya haramta wa kansa matarsa ta hanyar kamanta ta da mahaifiyarsa) matuƙar girmamawa yake nufi, amma makaruhi ne, barinsa ya fi. Sunan da ɗayanku ke jin zafinsa kuma, ko da wasa aka laƙaba shi, ya shiga hanin aya ta 11 a Suratul Hujurat.

Amma fa kada ki raina maganar yayarsa gaba ɗaya. Mu a ƙasar Hausa mace ba ta ma ambatar sunan miji, sai dai Malam, ko Alhaji, ko Abban wane. To a ce kina tsakar gida, surukarki na zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa, ki ɗaga murya ki ce "hani, ga abincinka"? Ba haramun ba ne, amma rashin kunya ne a idonta, kuma kunya tana cikin imani. Ku bar shi a ɗaki da cikin waya. Masu mata biyu su ma su kula: a ajiye lambar amarya da "switi", ta uwargida da "Maman Abba", ƙaramin abu ne da ke tayar da babbar rigima, ko da yake soyayyar da ke cikin zuciya ba a hannun mutum take ba.

Duk wannan bayan an ɗaura aure ne. Saurayi da budurwa, ko an kai kuɗin gaisuwa an sa rana, har yanzu ajnabai ne ga juna, wato ba su halatta ga juna ba, kuma aya ta 32 a Suratul Ahzab ta hana mace lanƙwasa magana ga wanda ba mijinta ba. Saƙon WhatsApp hukuncinsa ɗaya da maganar baki.

Wallahu a'alam.