Me ya sa Turawa ke caccakar Iran da Taliban, amma suke ɗasawa da Saudiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Jos. Kullum muna jin Amurka da ƙasashen Turai suna sukar Iran da Taliban kan take haƙƙin ɗan Adam, amma ga su hannu da hannu da Saudiyya, alhali ita ma ana zarginta. A ɗakin malamai wasu na cewa duk rahotannin nan sharri ne na maƙiya Musulunci. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abokan aikinki suna da hujja a kan fuska biyun Turawa, wannan ba ya buƙatar dogon musu. Inda na rabu da su shi ne iƙirarinsu cewa rahotannin ƙarya ne.

Amanar Amurka da gidan sarautar Saudiyya ta samo asali ne tun Fabrairun 1945, lokacin da Shugaba Roosevelt ya gana da Sarki Abdul'aziz a cikin jirgin ruwan yaƙi a yankin mashigin Suez. Man fetur daga wannan ɓangare, tsaro da makamai daga wancan. A kan wannan aka gina hulɗar, kuma har yau bangon bai tsage ba. Ita ma Iran a zamanin sarkinta Shah 'yar lelen Amurka ce, duk da azabtar da 'yan adawa da jami'ansa na asiri suke yi. Sai bayan juyin juya halin 1979 da garkuwa da ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka na kwana 444 aka yi baran-baran, aka yanke hulɗa a 1980.

Ki duba abin da ya biyo bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Santanbul, ranar 2 ga Oktoba 2018. Joe Biden, yana neman ƙuri'a, ya yi alkawarin mayar da Saudiyya saniyar ware. Da ya hau mulki, a Fabrairun 2021 gwamnatinsa ta saki rahoton jami'an leƙen asiri da ya ce Yarima Muhammad bin Salman ne ya amince da farmakin. Sai yaƙin Ukraine ya ɓarke, farashin mai ya yi tashin gwauron zabo. A Yulin 2022 ga Biden a Jidda, ya fito daga mota, shi da Yariman suka haɗa dunƙulallun hannuwa a gaban masu ɗaukar hoto. Kafin nan, a watan Maris, Boris Johnson, Firaministan Birtaniya na lokacin, ya riga shi zuwa Riyad neman mai, kwanaki kaɗan bayan an zartar wa mutum 81 hukuncin kisa a rana guda. Kanada da ta ɗaga murya a 2018 kan tsare masu fafutuka, Saudiyya ta kori jakadanta, ƙawayenta na Yamma kuma kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Mu a nan ma mun taɓa gani. Da gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a Nuwamban 1995, an dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Commonwealth, amma ɗanyen manmu bai daina fita ba.

To sai batun ƙarya, kuma a nan nake so ki tsaya sosai. Yawancin abubuwan da ake magana a kansu, gwamnatocin ne da kansu suka sanar. Kisan mutum 81 ɗin nan kamfanin dillancin labarai na gwamnatin Saudiyya ne ya fitar da shi. Batun Khashoggi da farko cewa suka yi ya fita daga ginin da ƙafarsa, daga baya suka amsa cewa a ciki aka kashe shi, kotunsu kuma ta ɗaure mutum takwas a 2020. Taliban, tun da suka dawo mulki a Afghanistan a Agustan 2021, su suka hana 'yan mata wuce aji shida, su suka rufe wa mata ƙofar jami'a a Disamban 2022. Ke malama ce, kin san yarinyar da ta gama aji shida: ga ta da littattafai a jaka, hannunta ya fara faɗawa, tana ɗokin shiga sakandare. A ce mata iyakarta ke nan. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai, musamman da yake an jingina shi ga addinin da ya wajabta neman ilmi. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta OIC da Shehun Azhar duk sun yi tir da matakin, kuma babu mai kiran su maƙiya Musulunci.

A Iran akwai taƙaddama kan mutuwar Mahsa Amini mai shekara 22, wadda ta rasu a hannun 'yan Hisbah a Satumban 2022. Gwamnati ta ce rashin lafiya ce, kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce cin zarafi ne ya yi ajalinta. Amma masu zanga-zangar da aka rataye bayan haka, hukumar shari'ar ƙasar ce ta riƙa sanar da ratayewar.

Waɗanda abin ke shafa kusan duk Musulmi ne: ɗalibai mata a Kabul, 'yan Shi'a a gabashin Saudiyya, Kurdawa da Baluchawa 'yan Sunna a Iran, da malaman addini da aka tsare don sun ƙi bin bakin masu mulki. Sukar gwamnatin Riyad ba ta taɓa alfarmar Makka da Madina, kamar yadda sukar mai mulki a Abuja ba ta fitar da kowa daga zama ɗan Najeriya.

Idan rahoto ya zo hannunki, ki duba me gwamnatin da ake zargi ta ce da bakinta, sannan me masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da iyalan waɗanda abin ya shafa suka ce. Sanarwar Fadar White House kuwa ki bar ta a ƙarshe, ki fara da tambayar wane ciniki ne ke tsakaninta da wannan ƙasa a lokacin da ta fitar da ita.