Amsoshin Tambayoyinku: Kifi ɗaya ya hana saura sakat a akwatin gilashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da akwatin gilashi na kifin teku a falona, mai cin lita 200, da duwatsu a ciki. Akwai wani ɗan shuɗin kifi da ake kira damsel, ya addabi sauran har ya yayyaga wa ɗaya wutsiya. Na bi shi da koma har na gaji, da ya hango hannuna sai ya shige ramin dutse. Ƙanena zai sauka Duwala. In sa ya sayo mini babbar koma ko tarkon da ake sayarwa? Daga mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ɓata sefarka a kan babbar koma. A akwatin da ke cike da duwatsu, girman koma cikas ne: ba za ta shiga lungu ba, kuma kafin ka juya ta kifin ya yi nisa. Yawan binsa ma illa ne, don kana firgita sauran kifayen, kana tayar da dattin da ya kwanta a yashi, wata rana kuma dutse ya zame ya daki gilashi. Damsel da yunwa ake kama shi.

Fara da abin da ke cikin gidanka. Samo gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi, ka ɗauraye ta da ruwa zalla, ban da sabulu ko omo. Yanke ta a kafaɗa, ka juyo bakin ya kalli ciki kamar mazurari. Dabarar gurar masunta a tafkin Lagdo ke nan, shiga da sauƙi, fita da wuya. Huda ƙananan ramuka a jikinta don ruwa ya riƙa ratsawa, ka goge kaifin yankan, ka sa ɗan dutse daga cikin akwatin don ta nutse. Sai ka kwantar da ita daf da ramin da yake fakewa, da ɗan guntun jatan lande a can ƙuryarta.

Saura haƙuri, kuma a nan yawancin mutane ke karaya. Rage musu abinci na kwana ɗaya ko biyu, daga nan kada ka ƙara zuba komai sai a cikin gorar. Masu saukin kai ne za su fara shiga. Ka sake su, ka mayar da gorar inda take. Shi gogan zai yi ta kewaya ta yana leƙe, amma kwaɗayi da son mallakar wuri ba za su bar shi ya ga wasu na ci a ƙofar gidansa ba. Ka zauna nesa kaɗan, ka hana yara buga gilashi. In ya shiga, ɗago gorar da ruwanta, kada ka bar shi ya daɗe a ciki.

Tarkon kanti akwati ne garai-garai mai ƙofa da ake riƙewa da zaren fatsa daga waje; wanda kake nema na shiga sai ka saki zaren. Fifikonsa ɗaya ne, kai ke zaɓar wanda za a rufe. In kana da niyyar daɗewa a wannan harka, ƙanenka ya sayo, zai yi amfani. In don wannan kifi ɗaya ne, gora ta isa. Abin da zan so ya cika jakarsa da shi gishirin haɗa ruwan teku ne, tunda na miya ba ya yi.

In duk sun ƙi, jira awa biyu bayan an kashe fitila, ka kunna ta farat ɗaya. Kifi kan yi ɗan lokaci a ruɗe, sai ka tura shi cikin kofin roba. Kwashe duwatsu shi ne mataki na ƙarshe, kuma ko su sai a jiƙa su cikin bokitin ruwan akwatin, don akwai ƙwayoyin halitta a jikinsu da ke tace ruwa. Tun kafin ka kama shi ka san inda za shi. Ba a sakin kifin teku a kogin Binuwai, mutuwa zai yi.

Tambaya: Kifina mai ruwan ɗorawa, tang, ya fito da fararen ɗigo a jiki. In sayi magani in zuba a akwatin? Daga wata baiwar Allah a Marwa.

Amsa: Hajiya, kada ki zuba. Maganin wannan cuta galibi yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda ke kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, ya kuma maƙale a dutse. Sayi ƙaramin akwati na biyu da famfon iska, a can za a yi jinya. Tang yana da ƙaya mai kaifi a gindin wutsiya, tana sarƙewa a koma tana kuma yanka yatsa, don haka da kwanon roba za ki ɗauke shi. Ruwan sabon wurin ya yi daidai da na tsohon: gishiri kusan giram 35 a lita, ɗumi tsakanin digiri 24 da 26. Kuma ki sani ƙwayar cutar na ɓuya a yashi, sai an kwashe kifayen duka an bar babban akwatin ba kifi na wajen wata biyu da rabi.

Tambaya: Ina so in fara, wane kifi zan saya? Daga Injamena.

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara tambayar kanka ko za ka iya riƙe ruwa a ƙasa da digiri 28 a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, ga ɗaukewar wuta. In ba ka da sola ko batirin da zai riƙe famfo, ka tsaya a kifin ruwan daɗi tukuna. In kana da su, ka tsallake damsel duk da arharsa, ka nemi ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamara da ake kira clownfish, guda biyu ƙanana, waɗanda aka ƙyanƙyashe a wurin kiwo.