Na sa hannu a kan wayar atin ɗin da ban gwada ba, albashina ya halatta?

Tambaya: Malam ni injiniyan jirgin sama ne. Mun canza kwakwalwar injin wani Boeing 737, na ɗaure wayar atin ɗinta (wayar da ke haɗa ta da jikin ƙarfen jirgi) da kyau, amma mitar gwajinmu wa'adin tantance ingancinta ya ƙare, jirgi kuma da asuba zai tashi. Oga ya ce in sa hannu kawai tunda kwakwalwar layi biyu gare ta, in ɗaya ya lalace ɗayan ya karɓa. Sai na kwafi lambar gwajin baya na rubuta. Albashina na watan nan halal ne? Istigfari ya wadatar?

Amsa: Albashinka halal ne, aikin wata guda ka yi. Bar wannan, ba nan matsalar take ba.

Ɗan'uwa, inda na tsaya a wasiƙarka shi ne "na kwafi lambar". Da ka rubuta na ɗaure, gwaji bai samu ba, ka bar gurbin a buɗe, babu komai a kanka, nauyin ya koma kan wanda ya saki jirgin. Amma kai lamba ka sa a gurbin da ke cewa na auna, wannan shaidar zur ce a rubuce, hukuncinta kuwa ba sai na karanto maka ba.

Akwai masu cewa littafin kamfani da dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ba shari'a ba ne, saɓa musu ba zunubi in dai ba wanda ya cutu. Wannan magana ba ta da ƙafa. A kan waɗannan sharuɗɗan aka ba ka lasisi kuma a kansu ake biyanka, musulmi kuwa yana kan sharaɗinsa. Sannan wa ya ce musu ba cuta? Kai ka fi ni sani, gwajin nan da miliyom, ɗan ƙanƙanin ma'aunin turjiyar lantarki, ake yinsa, mitar masu gyaran wutar gida ba ta iya karanta shi, ɗan fenti ko tsatsa ko maiƙo a ƙarƙashin bakin wayar ya isa ya ɓata haɗin alhali noti ya ɗauru tam, ido ba ya gani, hannu ba ya ji. Aikin wayar da ragar da ta lulluɓe wayoyin shi ne in aradu ta faɗa wa jirgi a cikin hadari, ko siginar rada mai ƙarfi ta doke shi, wutar ta bi jikin ƙarfe ta wuce kada ta shiga kwakwalwa. To cutar ba ranar gyara take zuwa ba, sai jirgi na sama cike da mutane. Layi biyun da oga ke taƙama da su kuma a akwati ɗaya suke zaune, abin da ya shigo ta atin mara kyau ba lallai ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Jirgi ya sauka lafiya sau ɗari ba ya mayar da ƙaryar gaskiya, sutura ce Allah ya yi maka.

Ma'aikacin albashi amintacce ne a fiƙihu, ba ya biyan ɓarna sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kai kuwa da wannan lambar ka fita daga wannan rangwamen. Ɓacin ran oga ma ba tilasci ba ne.

Don haka istigfari kaɗai bai isa ba tunda jirgin yana ta ɗiban mutane a kan takardarka. Yau ɗin nan ka je sashen kula da inganci ka faɗa musu a rubuce, a samo mita mai wa'adi a gwada, ka riƙe kwafinka. Ƙila a ba ka takardar tuhuma, ƙila a dakatar da kai, ka jure.

Kuma dan Allah ka rage aikin dare a jere, gajiya ce ke sa mutum ya ce to a inda ya kamata ya ce a'a. Kada ka bar yaran da ke koyo a ƙarƙashinka su ga ana kwafar lamba. Ogan nan ka yi masa nasiha tsakaninku, in ya sake ka kai shi gaba, wannan ba gulma ba ce.

Wallahu a'alam.